Ciwon da ya fara daga baki: shekara uku da wata mai fama da femfigus

Wata biyar ta yi ba ta ci tuwo ba kafin a kawo ta wurinmu. Maganar da 'yarta ta fara faɗa mini ke nan, tun ban gama duba katinta ba. Tsakiyar bazara ce, ana ƙwalla rana, amma an turo matar a keken marasa lafiya tana rawar ɗari, an yafa mata wani tsohon zani mai laushi domin riga ba ta sawuwa a jikinta. Da na ɗaga gefen zanin sai na ji ya riƙe. Ya manne da bayanta. Na sake shi, na ce a kawo ruwan gishiri na asibiti mai ɗumi, muka yi ta jiƙa shi kusan rabin awa kafin ya saki.

Shekarunta 47, 'ya'yanta shida, sana'arta matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli. Na nemi izininta kafin in rubuta wannan, ta ba ni da sharaɗin kada in ambaci sunanta ko garinsu. Inna nake ce mata a asibiti, haka zan ce mata a nan. Na zaɓi labarinta ne domin a shekara ukun da muka yi tare, babu wani hawa ko gangara da femfigus, cutar da ke saɓule baki da fata, ke yi da mutum wanda ba ta yi da ita ba.

Yadda abin ya faro

Ɗan miki ne guda ɗaya a cikin kuncinta na hagu. Ta ɗauka zafi ne, irin wanda kan fito ya baje cikin mako guda. Bai baje ba. Wani ya fito a ganda, dasashinta ya yi jajir ya riƙa zubar da jini in ta sa asuwaki. Da farko yaji ta daina ci, sai ta daina cin duk abin da ake taunawa, ta koma koko da kunu, su ma sai sun huce sarai. A kemis aka ba ta kafso da ruwan kuskure baki. A ƙaramin asibitin garinsu aka ce farin ƙurajen baki ne, aka ba ta maganinsu, aka yi mata gwajin ƙanjamau har sau biyu, duka biyun babu komai. Daga nan aka kai ta wurin mai magani, ya ce jifa ce, ya ba da jiƙo da wani baƙin gari na shafawa.

A wata na huɗu fata ta shiga ciki. Bororo ya fara fitowa a tsakiyar kanta, sai ƙirji, sai baya, sai hammata. 'Yar ta ce ba sa daɗewa. Da safe ka ga bororo, kafin azahar ya fashe, wurin ya yi ja kamar an watsa wa mutum tafasasshen ruwa, kuma maimakon ya bushe sai ya yi ta faɗi.

Akwai abu ɗaya a labarin da ya tsaya mini a rai. Wani mai kemis ya taɓa ba ta deksametazon, wani maganin danne garkuwar jiki, na mako guda. A makon nan, in ji 'yar, har ta ci ɗan fate. Maganin na ƙarewa ciwon ya dawo fiye da da. Mikin da ƙwayar cuta ta haddasa ba kasafai yake yin haka ba. Wanda ke lafawa da maganin danne garkuwar jiki, ya taso in an janye shi, yana nuna cewa garkuwar ce ke aikin.

Abin da na gani

Nauyinta kilo 52, kuma 'yar ta ce da ƙaƙƙarfar mace ce. Jikinta da zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, leɓɓanta sun yi ɓawon jini. Buɗe baki ya zame mata aiki. Da ta buɗe, kusan ko'ina a saɓule yake: kumatu biyu, ganda, ƙarƙashin harshe, har zuwa inda ido ke iya hangowa a maƙogwaro. Muryarta ta dishe. Na tambaye ta a keɓe ko akwai a gabanta, ta sunkuyar da kai ta ce akwai, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Dole likita ya yi wannan tambayar, don mace irinta ba za ta kawo maganar da kanta ba.

A fata, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jikinta ɗanye ne. Bororon da bai fashe ba ƙalilan ne, kuma a saɓe suke, ba su cika sun yi tauri ba, kamar ledar ruwa da aka shanye rabi. Wasu wuraren baƙin garin nan ya haɗu da mugunya ya yi ɓawo, ga wari. Na sa babban yatsana a fatar da ke kusa da wani miki, wadda ido ke gani lafiya lau, na murza a hankali. Saman fatar ya zame ya naɗe a ƙarƙashin yatsana kamar ɓawon gyaɗar da aka soya. Wannan alamar wani likitan fata ɗan Rasha, Nikolski, ya bayyana ta a 1896, kuma har yau da sunansa ake kiranta.

Cututtuka uku na auna a raina. Akwai saɓulewar fata da baki da shan wani magani ke kawowa, amma ita farat ɗaya take zuwa, cikin kwanaki, ba ta jan wata biyar. Akwai wata 'yar uwar wannan cuta mai suna femfigoyid, wadda sai a 1953 Walter Lever ya raba su a Amurka. Ita ta fi kama tsofaffi, bororonta cikakke ne mai tauri, tana da ƙaiƙayi, kuma ba ta cika damun baki ba. Sai ta ukun, femfigus. Mace mai shekara arba'in da wani abu, miki a baki na watanni, daga baya bororo mai saurin fashewa, ga fata na zamewa a ƙarƙashin yatsa. Tun a ranar zuciyata ta tsaya a kan ta ukun.

Mun yanki ɗan ƙaramin yanki daga gefen wani sabon bororo muka aika ɗakin gwaji. Bayan kwana goma sha biyu sakamako ya zo: fata ta tsage daga can ƙasa, daidai saman layin farko na ƙwayoyin halittarta, waɗanda suka tsaya a jere su kaɗai, na samansu kuma sun rabu da juna suna yawo a cikin ruwan bororon. Hoton femfigus mai zurfi ke nan, wanda likitoci ke kira bulgaris. Akwai gwajin da ya fi wannan tabbaci, wanda ake sa wa fatar wani rini mai ƙyalli a ga makaman garkuwa sun zagaye kowace ƙwayar halitta kamar komar masunta. Asibitinmu ba shi da shi. Ban jira ko sakamakon farkon ba kafin in fara magani, don ba ta da kwana goma sha biyun da za ta bayar.

Abin da ke faruwa a cikin fatar

Saman fatar mutum kamar ginin tubali yake, kowane tubali a ɗaure da na kusa da shi. Cikin abubuwan da ke ɗaure su akwai wasu sinadarai biyu, desmogilin na 1 da desmogilin na 3. A femfigus, garkuwar jiki ce ke kuskure ta ƙera makamai a kan waɗannan maɗaurai nata na kanta. In suka kwance, tubalan su rabu, ruwa ya shiga tsakani, bororo ya tashi. Rufinsa siriri ne, shi ya sa ba ya jure ko gogar riga.

Wannan ne kuma ya bayyana abin da ya ɓatar da kowa a kan Inna. Cikin baki ya dogara ne kusan kacokan a kan na 3, ita kuwa fatar waje tana da duka biyun, in ɗaya ya kwance ɗayan ya riƙe. Muddin makaman na 3 kaɗai suke hari, baki ne ke saɓulewa, fata tana nan lafiya. Ranar da suka haɗa da na 1, sai jiki ya ɗauka. Fiye da rabin masu wannan cuta daga baki take fara musu, kuma watannin da ke tsakanin mikin baki da bororon fata su ne damar da ake yawan asara. Da wani a cikin waɗanda suka duba ta ya tsaya ya ce mikin bakin da ya haura wata guda bai warke ba ba na kemis ba ne, da ba ta kai ga keken marasa lafiya ba. Wannan abu yana ci mini rai, don ba a kanta kaɗai na gan shi ba.

Sanin nan bai daɗe a duniya ba. A 1964 Ernst Beutner da Robert Jordon suka gano makaman a jinin masu cutar, a birnin Buffalo na Amurka. A 1982 Grant Anhalt da abokan aikinsa suka ɗebi makaman daga jinin marasa lafiya suka yi wa jariran ɓeraye allurarsu, ɓerayen suka yi bororo, aka tabbatar su ne ke ɓarnar. A 1991 Masayuki Amagai da John Stanley suka fito da ainihin sinadarin da ake hari.

Akwai kuma femfigus na sama-sama, wanda na 1 kaɗai yake hari. Shi ba ya taɓa baki, fata ce ke ta ɓawo tana zuba kamar dusa. A wasu ƙauyukan Burazil na bakin koguna yana da yawa har suna ce masa wutar daji da harshensu, kuma ana yawan ganinsa a 'yan mata da matasan mata a kudancin Tunisiya. Yawanci ya fi na Inna sauƙi.

Tambayar maigida

A rana ta uku mijinta ya same ni a baranda. Dattijo ne mai natsuwa. Ya gaishe ni, ya yi shiru, sannan ya ce, "Likita, tsakaninka da Allah, ana ɗauka?" Ashe tun da fatar ta fara aka ware mata kwano da moɗa da tabarma, aka hana jikoki shiga ɗakinta. Wasu a unguwa suna cewa kuturta ce, wasu suna cewa gwajin ƙanjamau ɗin ne bai nuna ba.

Na ce masa, "Baba, ko a kwano ɗaya kuka ci, ko a shimfiɗa ɗaya kuka kwana, ba za ka ɗauka ba. Ita ce ma ke cikin haɗarin ɗaukar cuta daga wurinmu." Na kai shi bakin gadon, na riƙe hannunta a gabansa. Na gaya masa ba abin da ta ci ba ne, ba kuma laifin kowa ba ne. Akwai wani shiri a jinin wasu mutane da ke sa su fi saurin kamuwa, shi ya sa cutar ta fi yawa a Indiya da Iran da ƙasashen bakin Bahar Rum da kuma Yahudawan da asalinsu gabashin Turai ne, amma ba gadonta ake yi kai tsaye daga uwa zuwa 'ya ba. Wasu magunguna ma kan tayar da ita, kamar kaftofiril na hawan jini, sai dai Inna ba ta taɓa shan irinsu ba. Washegari na tarar da shi zaune a gefen gadon yana ba ta kunu da cokali. Daga ranar ta fara kallon mutane a ido.

Makonni shida a kan gado

Mai femfigus da ya kai wannan hali kamar wanda ya ƙone yake. Ruwa da gishiri da sinadarin gina jiki suna tsiyaya ta mikin dare da rana, baki kuma ba ya bari a mayar da su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ita kuwa bangonta ya tsage ta ko'ina. Saboda haka muka fara da ƙarin ruwa da allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Kafin mu danne garkuwarta muka duba suga, muka ɗauki hoton ƙirji saboda tarin fuka, muka yi gwajin ciwon hanta, muka ba ta maganin tsutsar ciki, domin akwai wata tsutsa da kan bazu a jiki in garkuwa ta yi ƙasa.

Sannan firedinisolon, maganin danne garkuwar, miligiram 60 kowace safiya. Ƙwayar miligiram 5 muke da ita, wato ƙwaya goma sha biyu ga matar da haɗiyar miyau ke sa ta hawaye. 'Yar ta riƙa daka su tana damawa a ruwa, mu kuma mu shafa mata maganin kashe zafi a baki minti kaɗan kafin ta sha. Mako guda bayan haka muka ƙara azatiyofirin. Shi ba ya aiki da wuri, yakan ɗauki makonni, amfaninsa a gaba yake: ya riƙe cutar a lokacin da za a riƙa janye na farkon.

Aikin da ya fi kowanne nauyi ma'aikatan jinya ne suka yi shi. Kullum da safe sai an jiƙa tsohon bandeji ya saki da kansa, a wanke mikin, a shimfiɗa sabon ƙyalle mai man baselin wanda ba ya mannewa. Ba a manna mata filasta ko kaɗan, don in an ɓare shi da fata zai taho. Ko juya ta a gado da zanin gado ake yi, ba a jan hannunta. Wata babbar ma'aikaciyar jinya a ɗakin ta lura Inna na kuka duk lokacin sallah saboda ba ta iya alwala. Ita ta zauna da ita ta tuna mata rangwamen da addini ya yi wa mara lafiya, ta samo mata dutse mai santsi ta wanke shi tas don taimama, tana shafawa a hankali a inda fata ke da lafiya. Ni ban ma lura da wannan damuwar ba.

A rana ta goma sha huɗu aka wayi gari babu sabon bororo. Ranar da muke jira ke nan, don ita ce alamar an kamo linzamin cutar. Daga nan mikin ya fara rufewa daga gefe zuwa tsakiya. A mako na biyar bayanta ya rufe. Femfigus ba ya barin tabo mai zurfi in ƙwayar cuta ba ta ci wurin ba, amma a baƙar fata yana barin baƙaƙen shaidu masu faɗi da kan yi watanni kafin su dushe. Baki ne ya ja baya, kamar yadda ya saba. Har muka sallame ta akwai sauran miki biyu a kunci.

Maganin ma ya fara karɓar nasa kason. A mako na biyu sugarta ta haura, sai da muka sa mata insulin. Barci ya ƙaurace mata. Farin ƙurajen baki na gaskiya suka fito a wannan karon, muka yi maganinsu.

Ranar sallama babban ɗanta ya tambaye ni ko ta warke. Na gaya masa abin da aka sani. Kafin a samu irin wannan magani a farkon shekarun 1950, kusan 75 cikin 100 na masu femfigus mai zurfi mutuwa suke yi, akasari cikin shekara ɗaya ko biyu. Yau abin ya sauko ƙasa da 10 cikin 100 a inda ake samun kulawa, kuma waɗanda ake rasawa, yawancinsu ƙwayar cuta ce ke shiga jininsu, ko illar maganin ta kayar da su. Game da rabuwa da magani gaba ɗaya, wani nazari da Herbst da Bystryn suka fitar a 2000 a kan mutum 40 a New York ya nuna kashi 25 cikin 100 sun kai ga haka bayan shekara biyu, kashi 50 bayan shekara biyar, kashi 75 bayan shekara goma. Na ce masa mahaifiyarsa ta tsallake siraɗin farko, amma da sauran rina a kaba, kuma lissafin na shekaru ne.

Inda na yi sake

Janye firedinisolon sannu a hankali ake yi. Bayan mako biyu babu sabon bororo kuma mafi yawan mikin ya rufe, sai a riƙa rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu duk mako biyu, in an iso wajen miligiram 20 a ƙara sassautawa. Dalili biyu ne. In an yi gaggawa cutar ta taso. Sannan akwai wasu 'yan ƙullutai biyu a saman ƙoda da ke ƙera wa jiki irin wannan sinadari na kansa. In mutum ya daɗe yana shan na ƙwaya sai su yi barci, kuma ba sa farkawa rana ɗaya. Wanda ya yanke maganin farat ɗaya zai iya faɗuwa, jininsa ya yi ƙasa, har ya rasa ransa.

Duk wannan na bayyana shi dalla-dalla, amma ga 'yar na bayyana. Ita ke riƙe da takardar da na rubuta adadin ƙwayoyi, ita ke ƙirgawa, ita ke kawo ta asibiti duk wata. Inna takan zauna ne kawai ta ce, "To, likita, Allah ya saka." Kuma ban taɓa zama da ita na yi mata maganar fuskarta ba, alhali ina ganin tana kumbura wata bayan wata, wuya na kauri, ciki na fitowa, ƙafafu na sirancewa. Na san haka maganin ke yi, na san zai koma in an rage, sai na ɗauke shi ƙaramin abu.

A wurinta ba ƙarami ba ne. A wata na bakwai aka sa ranar auren 'yar nan. Mata suka fara cewa Inna sha-ka-fashe take sha don ta yi ƙiba ta fito biki. Matar da ta sha ƙyama wata da watanni, yanzu kuma ga wani sabon zance. Fatarta ta warke, bakinta ya warke, tana miligiram 20. Saura kwana goma biki ta ajiye magungunan duka biyu, ba ta gaya wa kowa ba. Amarya na can cikin hidima, babu mai ƙirga ƙwaya. Kasala da jiri da amai suka kama ta, aka ce gajiyar biki ce da zazzaɓin cizon sauro. Kwana biyu bayan kai amarya ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida.

Da aka kawo ta, awon jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Allurar haidirokotizon ta jijiya da ƙarin ruwa suka dawo da ita cikin awanni. Amma da na duba bakinta, ga miki huɗu sababbi, kafin mako ya zagayo bororo ya fito a ƙirji da kai. Muka koma miligiram 40. Aikin wata bakwai ya koma kusan farko.

Da ta farfaɗo na ja kujera na zauna. Na ce, "Inna, laifin nan nawa ne. Ke ce mai ciwon, ke ya kamata in yi wa bayani." Ta ce, "A'a likita, ni ce na ji kunyar mutane." Muka yi kusan awa guda. Na zana mata adadin ƙwayoyin da ɗigo-ɗigo a takarda tunda ba ta karatun boko, na kira mijin da ƙaramin ɗanta da ke sakandare suka ji komai da kunnensu. Tun daga ranar, duk wanda zan ɗora a kan wannan magani sai na gaya masa tun farko yadda fuskarsa za ta koma, kuma sai mutum biyu a gidansu sun san ba a yanke shi.

Maganin da ba ta samu ba

A wannan kwanciya ta biyu na kawo wa iyalin maganar rituksimab. Magani ne da ake ƙarawa ta jijiya, yana share rukunin ƙwayoyin jinin da ke girma su zama masu ƙera makaman. Ana ba da miligiram 1000 sau biyu, mako biyu tsakani. A 2017 Pascal Joly da abokan aikinsa a Faransa suka fitar da gwajin da suka yi a kan mutum 90: cikin waɗanda aka ba shi tare da ɗan gajeren zango na maganin ƙwaya irin firedinisolon, kashi 89 cikin 100 sun rabu da ciwo da magani bayan shekara biyu, cikin waɗanda suka sha ƙwaya kaɗai, kashi 34. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan cuta, kuma a ƙasashe masu hali da shi ake farawa yanzu. Yana da nasa haɗarin, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda yake da yawa a ƙasarmu, don yana iya tayar da shi. Inna ba ta da shi. Ta kowace fuska ta dace da maganin.

Kwalba huɗu take bukata, kowacce ta dubban ɗaruruwan naira. Maigidan ya ce a ba shi mako guda. Ya dawo ya ce ko ya sayar da gonar da suke ci daga ita, ba za ta kai ba. Ban matsa masa ba. Na san akwai hanyar da za ta rage mata shekarun shan ƙwaya da duk abin da ke biyo bayansu, ina kuma ganin hanyar a rufe saboda kuɗi kawai. Har yau abin yana damuna.

Muka ci gaba da abin da ke hannu. A wannan karon saukowar ta ɗauki wata goma sha huɗu kafin mu iso miligiram 10. Duk wata biyu ana duba jininta da hantarta saboda azatiyofirin. Tana shan maganin ƙarfafa ƙashi. Sau biyu cutar ta ɗan motsa, miki ɗaya ko biyu a baki, sau ɗaya bayan an cire mata haƙori. Duka biyun maganin shafawa mai ƙarfi ya isa, ba mu ƙara ƙwaya ba. Ta koyi bambanta mikin da zai wuce da wanda ke bukatar a zo asibiti: in sun kai uku a wata guda kuma sun haura mako ba su rufe ba, ba ta jiran ranar da aka ba ta. Azumin shekarar farko ba ta yi ba. Na biyu ta yi, tana shan ƙwayarta da sahur, muna bin sugarta.

Abin da ya rage mata daga tafiyar: ciwon suga da bai tafi ba ko da aka rage maganin, sai dai ta bar insulin ta koma ƙwaya, yanar ido a idon dama, wadda za a cire mata, da ciwon baya da nake sa wa ido saboda ƙashi.

Zuwanta na baya-bayan nan watan jiya ne. Tana miligiram 5, wata tara ke nan babu ko miki ɗaya. Fuskarta ta koma tata. Shaidun bayanta sun dushe, sai ka ƙura ido za ka gan su. Ta koma sana'a, sai dai ta bar wa surukarta suya saboda tartsatsin mai, ita tana awo da lissafi. Na duba bakinta da tocila, na murza fatar hannunta da yatsa, ta tsaya daram. Na ce mata in muka kai bayan babbar sallah a haka, za mu gwada shan ƙwayar yau, gobe a huta. Ta ciro takardar nan mai ɗigo-ɗigo daga lalitarta, duk ta yi laushi don naɗewa, ta miƙo mini ta ce in zana mata sabon lissafin tun yanzu, ta kai wa yaron ya gani.